Kwalbar da Kawu Ya Buɗe

Zuwa ga 'yata Mai Gilashi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya zaman nesa? Mu nan lafiya lau, in ban da kunnen nan nawa da kullum ƙara toshewa yake yi, shi ya sa har yau ba na riƙe waya, sai takarda. Ki gaishe da mahaifiyarki. Ki ce mata ɗan baffanta mahauci yana nan bai mutu ba, ko da yake ta manta da shi.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Innarki ce, matata. Wata biyu ke nan da ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, ta ɓoye mini, sai da babbar 'yarmu mai ɗinki ta matsa mata suka je asibiti. Likita ya taɓa, ya sa na'ura ya duba, ya ce girmansa ya kai ƙwallon dabino, kuma wai sai an ciri nama an gwada kafin a san ko sankara ce. Ina kan aiki suka kawo mini takardar amincewa da gwajin, don innarki ta ce ba za ta yi ba sai da yardata. Na shimfiɗa takardar a kan katakon sara, na ɗaga barho na raba ta biyu. Wuƙar ta nutse a katako har sai da na sa ƙafa na zare ta. Masu sayen nama suka watse.

Ke kin yi karatu, ni kuwa shekara talatin da huɗu ina fiɗa. Na san nama. In na buɗe saniya na tarar da ƙurji a hanta, ba na kusantarsa da wuƙa. Zagaye shi nake yi daga nesa in cire shi gaba ɗaya. Ranar da hannu ya kuskure bakin wuƙa ya huda shi, mugunya ta malale, duk abin da ta taɓa ya zama na zubarwa. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Kuma kin san abin da ya sami Yaya. Da ƙafarsa ya shiga asibiti aka ciri nama a wuyansa. Kwana arba'in da ɗaya muka binne shi. Ni na riƙa tallafe masa kai yana aman jini a kwano, yana damƙe hannuna har farcensa ya shiga fatata. Tabon yana nan.

An ce aikinki ke nan a can, naman mutane kike dubawa a ɗakin gwaji. To ki rubuto abin da zan nuna musu, su ba ta magani ta sha kawai. Matar nan shekara talatin tana wanke mini riga mai jini ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Duk wanda ya kusance ta da ƙarfe, wallahi zai san ni ma da ƙarfe nake cin abinci.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Takardarka ta same mu lafiya, yara suna gaida kakansu. Mama ta ce ba ta manta da kai ba, wai wa zai manta da wanda ya bi ta da jelar saniya a guje tana yarinya. Allah ya ba Inna lafiya, ya sauwaƙe maka kunnen.

A tsaye na karanta wasiƙarka, sannan na nemi wuri na zauna na sake karantawa.

Maganarka a kan ƙurji gaskiya ce, amma a kan ƙurji. Ƙurji jaka ce cike da ruwa, a huda ta zube. Ƙullutu irin na Inna tsoka ce mai tauri, babu abin da zai malale. Kuma ba wuƙa za a sa mata ba. Allura ce mai rami a ciki. Za a fara kashe wurin don kada ta ji zafi, likita yana kallon na'ura ya kai bakin allurar cikin ƙullutun, ta ɗauko 'yan siraran nama uku ko huɗu, kowanne bai kai tsinken ashana ba. Minti goma sha biyar an gama, a manna filasta ta koma gida da ƙafarta. Wurin zai ɗan yi tsami kwana biyu, shi ke nan.

Ba zan ce maka ba a taɓa jin allura ta ja ciwo ta bar shi a hanyarta ba. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ban taɓa gani da idona ba. Abin da nake gani kullum shi ne naman waɗanda suka jira, kuma shi ke hana ni cin abinci wani lokaci.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa a kan Kawu Babba, Allah ya ji ƙansa. Mama ta gaya mini shekara biyu yana yawo da kumburin nan, yana naɗe wuya da ƙyalle, har wandonsa ya daina zama a ƙugu kafin ya yarda ya je. Ranar da aka ciri naman, ciwon ya riga ya gama da cikinsa. Gwajin bai kashe shi ba, sunan abin da ke kashe shi kawai ya faɗa.

Ka ce a ba ta magani. Wanne? Yawancin ƙullutun da ake kawo mana ba sankara ba ne. Wanda kuma ya zama ita ce, iri-iri ce, kowace da nata magani, kuma magani ne mai ƙarfi da ba a ɗura wa mutum a kan zato. Hannu da na'ura suna nuna cewa akwai abu. Naman ne kaɗai ke faɗin ko mene ne.

Kullum kana tsokanata da Mai Gilashi ba ka san me nake yi da gilashin ba. Naman nan nake sawa a cikin kaki irin na kyandir ya daskare, in yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, in ɗora a gilashi in rina, babban likitanmu ya duba a madubin ƙara girma. Ka ga ashe ni ma mahauciya ce, gado na yi, sai dai wuƙata ta fi taka kaifi.

Ka bar ta ta je, Kawu. Ka raka ta, ka bar barhon a gida.

'Yarka

*

Mai Gilashi,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki. Mu muna lafiya, innarki tana cin abinci tana zagina kamar yadda ta saba.

To, mahauciya, kin ci nasara. An yi ranar Alhamis. Ba su bar ni na shiga ba, na zauna a bencin ƙofa. Duk toshewar kunnena sai da na ji allurar ta yi ƙas, kamar tarkon ɓera, har sau huɗu. A na uku na miƙe na kama mariƙin ƙofa, mai ɗinki ta rungume ni ta baya tana roƙona. Da na duba bencin, ashe na ɓalle masa katako ɗaya ban sani ba. Can sai ga innarki ta fito tana gyara mayafi, wai ko cizon sauro ya fi wannan. Na koma na zauna a kan bencin.

Yanzu ki ji inda kawunki ya yi amfani. Asibitin nan ba su da irin ɗakinku, sai an aika da naman wani babban wuri mai tafiyar yini guda, kuma motar da ke kai musu saƙo ta lalace. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini wata 'yar kwalba da takarda, ta ce in nemi direba mai amana. Direban da na sani sai Litinin zai tashi. Na tafi da kwalbar rumfa, na ce bari in ga abin da aka cire daga jikin matata.

Ina buɗe murfin wani wari ya bugi hancina, idanuna suka kawo ruwa. Wani ruwa ne suka tsoma naman a ciki, kuma ko awa ɗaya ba a yi ba naman ya fara fari yana ƙanƙancewa. Duk mahauci ya san nama da ruwa ba sa shiri, balle ruwa mai warin guba, kuma har kwana huɗu a wannan zafi. Nan take na tuttule shi a kwata. Na wanke 'yan naman a bakin famfo a hankali, na naɗe a sabuwar leda, na sa a firji, can ɓangaren ƙanƙara kusa da ƙoda, inda ya fi ko'ina sanyi. Ranar Litinin sun yi tauri kamar tsakuwa. Na mayar da su kwalbar a bushe, na rufe, na ba direba hannu da hannu. Ban gaya wa kowa ba, don kada ma'aikaciyar ta ji kunya, yarinya ce mai ladabi.

Abu ɗaya ke damuna. Kin ce tsami kwana biyu. Yau kwana biyar, wurin ya yi baƙi ya yi shuɗi, kuma faɗin baƙin ƙaruwa yake yi, ya kai tafin hannuna. Ita ta ce ba ya mata ciwo. Ni dai ina kallo.

Sun ce mu koma bayan kwana goma.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. A bakin ƙofar ofis nake rubuta wannan. Na kira wayar Inna ya fi sau ashirin tana kashe, lambar mai ɗinki kuma ba ni da ita.

Kawu, ruwan nan da ka zubar shi ne ke tsare naman. Farin da ka gani ba lalacewa ba ce, haka yake yi in ya kama, kuma a cikinsa nama zai yi wata da watanni yadda aka ciro shi. Ƙanƙara ita ce ke farfasa shi ta ciki, sannan ya narke a mota ya ruɓe. Abin da ya isa can ba zai karantu ba. Laifina ne da ban gaya maka maganar kwalba ba, ban taɓa zaton za a ba ka ita a hannu ba.

Za su ce sai an sake. Gaskiya za su faɗa. Ka gaya wa likitan abin da ka yi da bakinka, ba zai kashe ka ba, ka bar shi ya sake a ranar. Sakewa ba ta da haɗari.

Baƙin da ka gani jini ne ya kwanta a ƙarƙashin fata, kamar wanda ya buge da ƙofa. Yakan yi sati biyu, ya koma ruwan ɗorawa ya ɓace. "Kwana biyu" da na rubuta magana ce kawai, ba ƙidaya ba.

Don girman Allah kada ka ɗaga hannu.

'Yarka

*

Mai Gilashi,

Ina gaishe ki. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙata ta ƙarshe, ina fata lafiya. Ni lafiyata da sauƙi, haƙarƙari biyu ne suka tsage, ido ɗaya kuma bai buɗe ba tukuna. Daga gidan yari nake rubuto miki, ina jiran shari'a. Gara ki ji daga bakina.

Ranar komawa daga mayanka na wuce kai tsaye, ko riga ban canza ba, ƙarfen wasa wuƙa yana rataye a ƙuguna kamar kullum. Barhon na bar shi, kamar yadda kika ce. Likitan matashi ne, bai kai ki shekaru ba. Ya zaunar da mu, ya buɗe takarda ya ce babu sakamako. Wai naman ya isa a lalace, wani ya buɗe kwalbar ya ɓata shi.

Na ce ya maimaita. Ya ɗaga murya don ya lura kunnena a toshe yake, ya ce, "Baba, an lalata naman."

Ni? Shekara talatin da huɗu ba a taɓa dawo mini da tsoka ɗaya an ce ta yi wari ba. Na ce masa ni na adana naman nan da hannuna, na cece shi daga ruwan gubarsu. Sai ya dafe kai. A gaban matata ya dafe kai yana kallona kamar ya ga mahaukaci. Ya ce to ba komai, yanzu za a sake, ya juya ya ce wa ma'aikaciyar ta kawo allura.

Na ce innarki ta buɗe ya gani. Na nuna masa baƙin nan, na ce ga abin da hudar farko ta yi, ciwon ya bazu har ya fito fata, haka na Yaya ya fara. Ya ce ba komai ba ne. Ya miƙa hannu ya ɗauki allurar a kan tire.

Daga nan idona ya rufe. Na san na kama wuyan hannunsa na danne a kan tebur, yadda nake danne ƙafar rago. Na san na zaro ƙarfen. Sau uku na sauke shi. A na farko ya yi ihu, a na biyu na ji ƙashi ya ba da irin ƙarar da na sani, a na uku bai yi ihu ba. Tire ya kife, kwalabe suka tarwatse, ma'aikaciyar ta fita a guje tana kururuwa. Innarki ta riƙe mini riga, na fizge ta faɗi a kan gado.

Masu gadi huɗu suka shigo. Na fasa wa ɗaya baki, sauran suka kayar da ni suka yi ta zuba mini kulki da takalmi har na daina gane sama da ƙasa. A ƙasa suka ja ni har bakin titi, jinina ya yi layi a kan siminti, masu jiran likita suna ɗage ƙafa.

Ba zan ɓoye miki ba, ban yi nadama ba. Sun ɓata aikinsu suna neman wanda za su ɗora wa. Na ce zan tsare ta kuma na tsare ta. Ke da kika san aikin, ki rubuto takarda da hatimin wurinku cewa sanyi ba ya ɓata nama, in nuna wa alƙali.

Kawunki

*

Kawu,

Na gaishe ka don Mama ta koya mini gaida manya. Muna lafiya. Allah ya ba ka sauƙin haƙarƙarin.

Takardar da ka nema ba za ta zo ba, domin ƙarya ce. Likitan nan gaskiya ya faɗa maka. Kai ka lalata naman. Na rubuto maka haka tun ranar da na karanta wasiƙarka, yanzu mai ɗinki ta gaya mini takardar ta iso kwana biyu kafin ku koma asibiti, maƙwabcinka ya karɓa ya danne ta a ƙarƙashin sikeli ya manta. Mai ɗinki za ta kawo maka ita tare da wannan. Ka karanta ta, ka sake karantawa.

Ka ce ka tsare ta. Bari in gaya maka abin da ka tsare. A duk asibitin nan mutum ɗaya ne ya iya wannan allura, kuma ka karya masa yatsu huɗu a hannun dama. An yi masa aiki sau biyu. Mata goma sha uku ne a layi bayan Inna, duk an ce su koma gida sai an samo wani. Ma'aikaciyar da ka ce tana da ladabi ta kasa komawa ɗakin.

Baƙin da ka kusa kashe mutum a kansa ya washe tas, ko tabo babu. Ƙullutun kuwa yana nan, kuma bai san kana gidan yari ba.

Na aika a kawo mini Inna nan wurinmu, ta ƙi. Ta ce ba za ta bar gari mijinta yana tsare ba, wa zai kai maka abinci. Kuma ta ce kunya ba za ta bar ta ta sake haɗa ido da wani likita ba. Ta kulle kanta a ɗaki, in an yi maganar asibiti sai ta juya wa mutum baya.

Tun ina yarinya nake alfahari da kai. Yau ko sunanka ban iya faɗa a wurin aiki ba. Amma ba don in zage ka na rubuto ba. Maganarka kaɗai take ji. Ka sake ta ta zo.

'Yarka

*

Mai Gilashi,

Na karɓi gaisuwarki yadda kika aiko ta. Ki yi haƙuri da jinkiri, sati uku na yi ban iya riƙe biro ba.

Na karanta duka biyun. Ta farkon na karanta ta a tsakar gidan yari da rana tsaka, na kai inda kika ce ruwan shi ke tsare naman, sai na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Wani ɗan ɗakinmu mai dogon baki ya leƙa ta kafaɗata ya karanta, ya shiga shela yana dariya, wai ga mahaucin da ya sa matarsa a firji. Na shaƙe shi da hannu biyu na haɗa kansa da bango. Sai da na ga idonsa ya juye, harshensa ya fito, sannan na ga hannuwana. Su ne dai, hannuwan nan. Na sake shi da kaina, na tsaya. Abokansa suka taru a kaina da bokiti da itace, ban kare ba, ban rama ba. Sun karya mini babban yatsa. Bai isa ba.

Sati biyu innarki tana zuwa da kwano ina ƙin fitowa, don ban san da wane ido zan kalle ta ba. Wannan ma lokaci ne na ƙara ci mata, yanzu na gane. Jiya na fita. Ta rame. Na lura ba ta sauke hannun hagu sosai, tana riƙe shi nesa da jiki. Na tambaya, ta ce ba komai. Na ce ta rantse. Ta ce wani abu ne ya fito mata a hammata.

Na gaya mata in ta sake kawo mini abinci zan kifar da shi a gabanta. Na ce ta tafi wurinki gobe, su huda sau goma in suna so. Ta yi kuka ta ce ban taɓa korarta ba sai yau. Na ce e, yau na kore ta.

Ga ta nan tafe da mai ɗinki. Ban san yadda babba ke roƙon 'yarsa ba, amma ina roƙonki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Inna ta iso lafiya, tana ɗakin yara, sun hana ta sakat. Ya hannun?

An yi mata washegari, a maman da kuma hammatar. Ina tsaye a kanta. Minti ashirin. Ni na ɗauki kwalbar da hannuna na haura bene da ita, ni na yanka, ni na rina. Da na ajiye gilashin a gaban babban likitanmu na fita na tsaya a bakin taga, ban iya kallo ba.

Sankara ce, Kawu. Yanzu mun san irinta kuma akwai maganinta. An duba huhu da hanta da ƙashi, ba ta kai can ba, mu gode wa Allah. Amma ƙwallon dabinon da aka auna da farko ya kusa ƙwan kaza, kuma ta shiga hammata. Ba zan rantse maka cewa da an samu sakamakon farko da komai ya bambanta ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da likitoci suka ce shi ne, a girmansa na da, da wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire. Yanzu za ta sha magani mai wahala na watanni, gashinta zai zube, sannan a cire maman gaba ɗaya. Sati goma sha ɗaya ne tsakanin allura ta farko da ta biyu.

Ba a sa mu a layi ba, a ranar da muka je aka gan ta. Ba don ni ba ne. Kafin su taso, ma'aikaciyar nan ta nemo gidanku ta kawo wa Inna takarda daga likitan. Ga kwafinta na haɗo maka. Za ka ga rubutun a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, da hagu ya yi shi. In idonka bai gane ba, cewa ya yi: "Wannan baiwar Allah ta yi jinkiri ba da laifinta ba. Don Allah a gan ta ranar da ta zo." An ce yatsunsa biyu ba za su sake lanƙwasawa ba.

Na tambayi Inna ko tana da saƙo. Ta ce in gaya maka ta ci abinci, kuma ka daina faɗa. Da na tashi ta kira ni ta ce, "Ki ce masa allurar nan duka biyun ban ji zafinta ba. Ƙarar hannun yaron nan likita ce har yau ba ta fita kunnena ba."

'Yarka

*

Mai Gilashi,

Ina gaishe ki, ina gaida innarki. Hannun yana warkewa. Nawa warkewa yake yi.

Na ga takardar. Na ari biro na gwada rubuta kalmominsa da hagu, in ga yadda ya yi. Ban kai ƙarshen layin farko ba.

Jibi za a kai ni gaban alƙali. Lauya ya ce in ce hankalina ne ya gushe. Na ce masa da hankalina na buɗe kwalbar, da hankalina na zubar da ruwan, kuma haka zan faɗa da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji, ko akwai wani mai irin kaina a wurin. Duk abin da aka yanke mini ba zan ɗaukaka ƙara ba. Ba na jin zan fito kafin ranar aikinta.

Ki ce mata na ji, na daina.

In ranar ta zo, na san abin da suka cire za su sa shi a cikin ruwan nan. Ke za ki ɗauka. Ki danne murfin sosai, kada ki ba kowa ya riƙe miki, ko da wanda ya fi kowa sonta ne.

Kawunki